Cindon Tukijan

Tun da Tukijan ya rasu ba wanda ya ƙara tsokanar Rukiyem da zancen mutum-mutumin, amma ita ba ta manta ba. Mijin nata ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Jakarta. Ya sha faɗa cewa yana saurayi wani mai sassaƙa ya tsayar da shi da buhu a kafaɗa, ya kwaikwayi siffarsa, aka zuba ta da tagulla aka kafa a tsakiyar shataletale. "Har cindon ƙafata ya sa," in ji shi. Unguwa ta yi ta dariya, aka laƙaba masa Tagulla, kuma da sunan ya shiga kabari. To da me zai kare kansa? An ɗora abin a kan dakali mai tsayin bene, motoci na kewaye shi ba hutu, ba mahalukin da ya taɓa ganin ƙafarsa.

Sai ga labari wai za a tumɓuke shi a yi gadar sama. Rukiyem ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki lema.

"Inna, ki rufa mana asiri," in ji 'yarta Lastri. "Baba dai ya iya labari, Allah ya ji ƙansa. Ke da gwiwa ba ta kai ki bakin layi?"

"Gwiwar taki ce? Matsa min."

Ta shiga ƙaramar bas, ta sauka, ta hau babba. Ta taga ta riƙa kallon mutanen ƙarfen garin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya: janar a kan doki, manomi da bindiga, wani ƙato ya ɗaga faranti mai wuta yana ihu kamar ya ƙone shi. Kowanne da sunansa, wanda ba shi da shi ma 'yan gari sun raɗa masa. Nata ne kawai ake ce wa "wancan mai buhun". Haushi ya tokare ta, har ta kasa cin soyayyiyar ayabar da ta sayo.

Inda ta sauka ba wurin tsallakawa. Waɗanda suka kafa waɗannan abubuwa don masu mota suka kafa su, mai ƙafa ko oho. Ta bi gefen kwata da ɗingishi har ta daidaita da mai buhun, ta ɗaga tafin hannu, ta faɗa titi. Birki ya yi ƙara ta ko'ina.

"Iya, kin gaji da duniya ne?" wani ɗan acaɓa ya daka mata tsawa.

"Ni na gaji? Kai dai da kake gudu kamar ɓarawo!"

A gindin dakalin ma'aikata sun riga sun kakkafa ƙarafunan hawa, sun ɗaura wa mutum-mutumin igiya a ƙugu. Shugabansu, wani mai tumbi da hular kwano, ya tare ta.

"Iya, ina zuwa? Nan ba wurin shan iska ba ne."

"Wajen mijina na zo."

Leburori suka tuntsire. Irin dariyar ce sak, wadda ta sha a bakin famfo da wajen biki tun tana amarya. Ta miƙa wa mai tumbin lemarta kamar yaron gidanta, ta kama tsani.

"In kika faɗo ni za a kama fa!"

"To biyo ni ka tare."

Ya biyo ta yana haki yana salati. A tsakiyar tsanin ne tsoro ya kama ta, ba kuwa na faɗuwa ba. In ta tarar da yatsu biyar fa? Shi ke nan unguwa ta yi gaskiya, ita kuma ta ƙare rayuwarta tana faɗa a kan ƙarya. Ta so ta sauka ta koma gida da abin da ta yarda da shi. Amma wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Ta ci gaba.

A saman dakalin, ƙafar hagun mutum-mutumin ta kai girman turmi, kashin tattabaru ya lulluɓe ta. Ta kwance ɗankwalinta ta goge.

"Ɗan nan, zo. Idona ba shi da kyau. Ƙirga min, da ƙarfi, na ƙasa su ji."

Ya duƙa ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Ya tura hularsa baya.

"Shida ne, Iya."

"Ban ji ba."

"Shida!"

Ya ciro wayarsa zai ɗauki hoto, ta ce ya ɗauka da kyau, akwai 'yar da za a kai wa, akwai unguwa guda. Sannan ta dafa ɗan ƙaramin yatsan. A karkace yake, kamar yadda yake a daren da ta fara ganinsa ta yi dariya, Tukijan kuma ya ja zani ya rufe don kunya. Rana ta gasa ƙarfen, ɗuminsa ya ratsa tafinta.

Tsawon zamansu ba ta taɓa kiransa da sunan nan ba, yara ma sun sha mari a hannunta a kansa.

"Tagulla," ta ce a hankali, "ga ni na zo."