Tayoyin da Suka Turo Waje

"Tsaya, Faruku! Za ka kwashe mini bango!"

Mudi ya fito zaure da buta a hannu. Motar maƙwabcinsa Hambali ce ta cije a bakin lungu, taya tana gurzar katangarsa, ƙasa na zuba. Tun Hambali yana jigilar ƴan kasuwa tsakanin Agiye da Gazawa motar nan take shiga lungun kamar zare a allura, har ƙofar ɗakinsa. Yau ta ƙi.

Hambali na kwance a kujerar baya, kansa bisa cinyar matarsa Batulu. Asibitin Maraɗi sun ce a kai shi gida. Shi ma abin da yake roƙo ke nan, ya cika a ɗakinsa.

"Mi ka yi wa ƙafafun motar nan?" in ji Mudi. Ya tsuguna, ya ga fuskarsa a ƙarfen taya, goshi ya kumbura, gemu ya tsuke.

Faruku, babban ɗan Hambali, ya fito yana zufa. "Janti, ƙarafan taya, na sake mata a Maraɗi, Baba Mudi, don in faranta mashi. Ramukan noti kuwa sun zauna daidai."

"Ramuka ya ƙirga, bai duba zurfin ciki ba," in ji Hambali daga mota, murya kamar ta sauro. "Ga su sun turo waje, sai ka ce agwagwa. Tsofaffin kau ya bar wa mai shago."

"To, mu ɗauke shi mana," in ji Mudi.

"Kar ku taɓa shi!" in ji Batulu. "Sa shi mota kaɗai sai da ya suma. Lungun nan da tsawo."

Faruku ya ja baya, ya sake gwadawa, taya ta yi ƙara, Hambali ya yi nishi. Mudi ya je ƙarshen lungu, ya dawo, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya dubi katangar da bana ya gama yaɓe ta.

"Hafsatu!" ya kira matarsa. "Miƙo diga, ki ja awaki can ciki."

"Mudi, gidanka zai zama kasuwa," in ji Hambali.

"Yi shiru, tsohon direba. Ba a tambaye ka ba."

Maƙwabta suka kama. Tubali na faɗuwa, mota na matsawa taku-taku, tana kwasar jar ƙasa a sabbin ƙarafanta, har ta tsaya a bakin ɗaki. Su huɗu suka tallabi Hambali da tabarma suka tsallaka dokin ƙofa. Ya dubi rufin ɗakin, ya daɗe yana duba, sannan ya ce a ba shi ruwan randarsa.

Kafin la'asar ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta an fara yayyafi. Masu gaisuwa suka zazzauna bisa buraguzan katangar, Hafsatu kuma tana ta ƙoƙarin rataya tabarma a giɓin, iska na ɗaga ta.