Ƙarshen Labarin Yaron Mota

A durƙushe na tarar da shi kusa da tankin ruwa, hannuwa sama, ƙaton ƙamus a kan tafukansa. Gumi na gangarowa ta gwiwar hannunsa yana ɗiga a siminti. Dogo ke nan, ɗan yayana na fari. Shekararsa goma sha bakwai, gemu har ya fara tsiro masa.

"Me ya yi?" na tambayi Yaya.

Yaya na kan benci yana fere wayar wuta da haƙori. Gyaran wuta ne sana'arsa. "Jarrabawa ya faɗi. In ya sauke wannan, ya karanta min shafi goma. Kowane kuskure, waya ɗaya a baya."

"To wanne ne horon, littafin ko wayar?"

"Auta, kin dawo da bakinki. Can inda kika yi karatu ba sa dukan yara, shi ya sa yaransu ke zagin iyaye."

Ban daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, amma na riga na ga tsarin gidan. Dogo ya fasa kofi, je ka ɗauko littafi. Ya kai magariba a waje, je ka ɗauko littafi. A makarantarsu ma mai laifi ake turawa ɗakin karatu, ya yi ta kwafar shafuka har hannunsa ya sage. Sannan manya su zauna suna jimami wai yaran yanzu ba sa son karatu. Ko kare ya san sandar da aka doke shi da ita.

*

Da akwatina na fara. Na zaɓo masa littattafai uku cikin waɗanda na taho da su. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tura su ƙarƙashin katifa.

"Wanne ka karanta?" na tambaye shi bayan kwana biyu.

"Mai jan bangon nan, Gwaggo."

"Me ke ciki?"

"Hikima."

Sai na daina ba shi, na koma kallonsa. Da yamma abokansa kan kewaye shi a ƙofar gida yana kwaikwayon direbobin tasha: yadda suke rantsuwa, yadda suke cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi alhali kujera shida babu kowa. Har masu wucewa kan tsaya. Mai ba da labari haka, ba labari ya tsana ba.

Na je wurin mai tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gada. Ya fara jibgo min na sirrin cin jarrabawa.

"Mayar da su," na ce. "Ba na son mai gyaran hali. Ba na son mai hoton yaro da jakar makaranta. Siriri nake so, mai manyan haruffa, wanda tun shafin farko wani ya shiga uku."

"Hajiya, wannan ai ɓata yaro ne."

"An riga ni. Duba min."

A ƙasan kwali na samo shi da kaina. Labarin wani yaron mota ne, babbar motarsu ta mutu a tsakiyar hamada, direba ya tafi neman taimako bai dawo ba. Aka bar shi da jarkar ruwa ɗaya da wani fasinja mai wuƙa a ƙugu. A bayan kowane babi akwai shafin tambayoyi. Na sa reza na yanke su duka.

Ban ba shi ba. Na kira shi ya duba min wayata da ta ƙi caji, ni kuma na zauna ina karantawa a fili kamar don kaina. Da na kai inda yaron motar ya farka bai ga jarka ba, na rufe.

"Sai me?" ya ce, bai ɗago kai ba.

"Idona ya gaji."

"Fasinjan nan ne ya ɗauke."

"Wataƙila. Kada ka taɓa min littafi, ban gama ba."

Washegari babu littafin a kan tagar da na ajiye shi.

Uwarsa ta fara ƙorafi wai ko cikin yaron nan ne ya lalace, in ya shiga bayi ba ya fitowa. Sau ɗaya na hango shi zaune a kan matakalar bene, yatsa a ƙarƙashin layi, leɓɓa na motsi, yana tafiya a hankali kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Sai ya yi dariya shi kaɗai. Na koma da baya ban bari ya gan ni ba.

Ranar nan yana wucewa ta ƙofata ya ce, "Gwaggo, direban nan mugu ne wallahi. Da gangan ya tafi."

"Wane direba?"

"Babu, wani ne a tasha."

Abu ɗaya nake so: ya kai ƙarshen littafi guda a rayuwarsa ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Kuma saura ƙiris.

*

Yaya ne ya kama shi. Bai doke shi ba, murna ya yi. Murnar ce ta yi ɓarnar.

Na dawo daga kasuwa na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Abokan sana'ar Yaya sun zauna ana shan shayi. A kan kujera ga malamin da ake biya yana yi wa Dogo darasin yamma, rula a cinyarsa. Dogo na tsaye a tsakiya, littafin a hannunsa.

"Ɗaga murya," in ji malamin. "Koma farkon layin."

Ya koma. Ya sake tuntuɓe a kalmar da ta tsayar da shi. Rula ta sauka a bayan yatsunsa.

"Tsawo kamar falwaya, karatu na ɗan aji ɗaya," wani ya ce. Aka kwashe da dariya. Yaya ma ya yi, ta yaƙe.

"To bar karatun," malamin ya ce. "Wane darasi marubucin ke son koya mana?"

Dogo ya shiga juya shafuka.

"Ka kusa cinye littafi ba ka san darasinsa ba? Wai ma wane mara hankali ne ya yanke tambayoyin?"

"Ni ce," na ce. "Yaya, ina son ganinka a ɗaki."

Ya biyo ni yana gyaran murya. Na tura ƙofa.

"Me ya yi maka?"

"Kamar yaya? Ɗana ya ɗauki littafi da kansa, ba zan nuna wa mutane ba? Malam ya ce yanzu ne lokacin matsa masa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe."

"Ƙarfe ka haifa? Abu ɗaya ya samu a duniya wanda ba a doke shi a kansa ba, ka tara masa 'yan kallo."

"Da duka aka koya mana. Ga ki nan har ƙasar waje."

"Ni ba a doke ni ba, Yaya. Auta ce ni, Inna ba ta bari ba. Kai aka jibga. Yaushe rabonka da buɗe littafi?"

Ya dube ni. Ya dubi ƙasa. Sai ya ce, "Baƙi na jira," ya fita.

*

Da safe Dogo ya yi sallama a ƙofata. Yatsunsa sun kumbura. Ya ajiye littafin a bakin gado, ya ja da baya.

"Malam zai dawo da yamma. Ya ce zai tambaye ni ƙarshensa."

"To zauna ka karanta. Babi biyu suka rage. Zan kulle ƙofa, babu mai shigowa."

"Ki dai gaya min, Gwaggo. Ya mutu ko bai mutu ba. Da darasin."

"Ba ka son ka gani da idonka?"

"So nake kada a doke ni."

Na daɗe ina kallon yatsun. Sannan na gaya masa, a taƙaice. Bai tambaye ni ta yaya ba, bai tambayi inda fasinjan ya ƙare ba. Ya juya wa littafin baya, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kafa ido a bango. Ya shiga maimaita abin da na faɗa kalma bayan kalma, yana kaɗa jiki gaba da baya, har ya haddace.