Shingen Achamma

Shekara tara ke nan Achamma tana kawo wa Fada zunubi guda ɗaya, kamar mai jan akuya zuwa kasuwa ba da niyyar sayarwa ba. Ta kawo shi, ta nuna, a ga ƙibarsa, ta ja abinta gida.

Ranar Laraba ta makon ƙarshe na azumi ta durƙusa a bayan labulen ikirari, gwiwoyinta suka yi ƙara har na bayanta a layi suka ji.

"Ka sa mini albarka, Fada, na yi zunubi. Na zagi kaza. Na yi gyangyaɗi a addu'ar safe sau biyu. Sai kuma shingen nan."

"Yana nan?" in ji Fada Kuriakose.

"Ina za shi? Har ya yi sabon ganye."

Gidan ƙanenta Ittoop yana bayan nata ne, can ƙasan gangare cikin itatuwan roba. Tun zamanin ubansu akwai 'yar hanya da ta taso daga can, ta ratsa tsakar gidan Achamma, ta ɓulle ƙofar coci. Kafin shayi ya huce mutum ya isa. To ranar da aka yi wa jikar Achamma baftisma, Rahel matar Ittoop ta ɗanɗana miyar kifin Achamma, ta ce a gaban mata ashirin, "Yaya, teku kika juye a ciki?" Aka yi dariya. Achamma ma ta yi. Washegari ta kakkafa sandunan bini-da-zugu ta tare hanyar, damina ta sauka a kansu, suka yi saiwa. Tun daga ranar mutanen gidan Ittoop sai sun zagaya ta titin mota, su hau tudu su sauka, tafiyar kusan awa guda. Wata uku da suka wuce Rahel ta rasu, kuma ta can aka zagaya da akwatin gawarta, maza shida suna haki. Achamma ta bi su da lemarta, ta fi kowa ɗaga murya a waƙa.

Fada ya numfasa. Yaro ne a idonta, ita ta taɓa korar sa daga kan mangwaronta.

"Inna, bara ma kin kawo mini shingen nan."

"Kuma bara ka ce an yafe."

"An yafe."

"To! Ba kai kake hawa mumbari kana cewa alheri kyauta ne ba? Ni fa ko kyautar ban tsaya jira ba. Kwana hamsin ba nama, ba kifi, ba madara a shayi. Je ka tambayi maƙwabciyata Mariyamma ko ta kai kwana goma ba ta lashi cokali ba."

"Bar Mariyamma ta kawo nata zunubin da kanta. Inna, gafarar nan ba da shayi marar madara aka saye ta ba, an riga an biya a kan gicciye. An kwance miki igiya tuntuni. Ke ce dai kike ta zagaya turken."

"Au, ni ce akuyar yanzu?"

"Ki je ki buɗe wa ƙanenki hanya."

Ya ɗaga hannu ya karanta mata gafara kamar kullum. Achamma ta miƙe, ta gyara farin mayafinta, ta fita tana mitar yaran zamani da ake sa wa doguwar riga tun gemu bai fito ba.

Amma maganar ta bi ta gida, ta zauna mata a wuya kamar ƙayar kifi. Sai da ta kai bakin rijiyarta dabara ta zo.

Gobe Alhamis ce ta Pesaha, ranar tunawa da jibin ƙarshe na Ubangiji. A wajenmu nan kan tuddan Kerala, kowane gida yakan turara gurasa marar yisti a ranar, a ɗora mata ɗan gicciye na ganyen kwakwar da aka tsarkake ranar Lahadi, a dama madarar kwakwa da mazarƙwaila. Rana ta faɗi, maigida ya yi addu'a ya yanka, ya miƙa wa kowa daga babba zuwa ƙarami. Gidan da aka yi mutuwa a shekarar kuwa ba ya ɗora tukunya, dangi ne ke kai masa. Ittoop kuma ba shi da dangin da ya wuce Achamma.

"Jincy!" ta kira surukarta, matar ɗanta da ke aiki a Dubai. "Jiƙa baƙin wake, duka wanda ke gwangwanin. Gurasa biyu zan yi bana."

"Biyu, Mama?"

"Ɗaya tamu, ɗaya ta Ittoop. Da ƙafata zan kai, ta titin mota, da gwiwar nan tawa. In Allah ya ga tsohuwa ta hau tudun nan da gurasa a ka, ai maganar shinge ta mutu."

Jincy ta ɗauko gwangwanin ba gardama. Shekara bakwai a gidan ta koyi wannan.

Da sassafe Achamma ta wanke dutsen niƙa sau uku, ta sauke sabuwar tukunya daga rataye. Ta niƙa wake, ta niƙa kwakwa da tafarnuwa da 'yar albasa, ta haɗa da soyayyen garin shinkafa, ƙullu ya yi santsi kamar fuskar jariri. Ko yarinya 'yar shekara goma ta san ƙullun Pesaha ba ya jira, ana kwaɓa shi ana ɗora shi. Amma sai ƙararrawar coci ta buga, za a fara wankin ƙafa, kuma duk matan unguwa za su hallara. Achamma ta dubi ƙullu, ta dubi hanya. Ta kifa faranti a kai.

"Yanzu zan dawo."

An wanke ƙafafun mutum goma sha biyu, an tashi. Achamma ba ta tashi ba. Ta tsaya a inuwar ƙofa ta tare Mariyamma, ta tare matar mai shagon shayi, ta tare duk mai mayafi.

"Kada kowa ya wahala da gidan Ittoop, ni zan kai. Ai jini jini ne. Duk abin da aka yi mini na bar wa Allah."

"Kai, Yaya Achamma, zuciyarki fara ce," in ji Mariyamma, tana kallon sama.

"Haka aka halicce ni."

Ta bi Fada har ƙofar gidansa don shi ma ya ji. Ta biya ta gaida wata mara lafiya da ba ta taɓa gaisarwa ba, ita ma ta ji. Ranar watan huɗu ta tsaya a tsakiyar kai, zafi yana tashi daga ƙasa kamar an buɗe murfin tukunya. Sai da inuwa ta karkata sosai ta shigo gida tana fifita da bakin mayafi.

Jincy tana tsaye a madafa, hannu a baki.

Farantin ya ɗaga. Ƙullun ya kumbura ya tura shi sama, yana zubowa ta gefen kwano, fuskarsa duk ƙananan idanu. Warin tsami ya cika ɗakin.

"Me ya sa ba ki ɗora ba?"

"Mama, ke kika ce duk wanda ya taɓa ƙullunki sai kin karya masa yatsa."

Achamma ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. Shekara hamsin tana wannan gurasa, tun hannun uwarta yana kan nata, ba ta taɓa tashi ba. Ga shi ta tashi, ta yi kyau ma, irin tashin da ake nema a waina ranar biki. A teburin Pesaha kuwa ko kare ba a ba wa.

"Akwai sauran wake?"

"Kin ce a jiƙa duka."

Ko da akwai, wake sai ya sha ruwa rabin yini. Achamma ta zauna a kan ɗan benci. Gidanta ba gurasa. Gidan Ittoop ba gurasa, shekarar da ya binne matarsa, kuma da bakinta ta bi gari ta hana kowa kai masa. Ta hango shi zaune a tebur da wuƙa a hannu, da 'yarsa da jikoki, suna kallon ƙofa. Wannan ba ya cikin irin zunuban da ake jerawa da zagin kaza.

Dole a gaya masa tun da sauran haske, ko ya aika gidan maƙwabta. Ta dubi tudun titin mota, ta dubi rana, ta dubi gwiwarta. Sai ta zagaya bayan gida, ta wuce kejin kaji, ta bi tsohuwar hanyar da ciyawa ta cinye, har ta tsaya a gaban shingenta. Ya fi ta tsawo yanzu.

"Ittoop!" Sunan ya fito mata da tsatsa. "Kai, Ittoop!"

Aka jima. Sai ga takun mutum a kan busasshen ganyen roba, ga furfura ta cikin ratar ganye.

"Wa nake ji kamar Yaya?"

"Kana da wata yayar ne? Matso, ba zan yi ta ihu ba."  "Ƙulluna ya tashi."



"Ya tashi?"

"Kurma ka zama? Ya yi tsami. Na tsaya surutu a coci. Ba ni da abin kawo maka, kuma na hana mutane. Ka tura wani gidan Mariyamma tun rana ba ta faɗi ba, ko gutsure ne su ba ka."

Ganyen shingen ya fara rawa. Ta ɗauka kuka yake yi. Ashe dariya ce.

"Yaya, gurasa huɗu ce a kan teburina."

"Huɗu?"

"Ta Mariyamma ta fara isowa. Kowacce ta ce kin ce kada a kawo, kowacce ta ce ta dai kawo ko da wani abu."

"Munafukai," in ji Achamma.  "To, Allah ya rufa asiri. Miƙo mini ɗaya ta sama, Jincy na jira."

"A'a."

"Me ka ce?"

"Gurasar Ubangiji ce, ba harawa ba, ba zan jefa ta kan shinge ba. Ku zo ku ci. Ke ce babba, ke zan fara miƙa wa. Shekara tara ina yankawa ina tsallake ki."

Achamma ta tsaya tana jira ya kawo sauran. Ta san yadda ake yi: a ce ki nemi gafara, ki durƙusa, ki faɗa a gaban yara. Ta ma shirya amsa. Ittoop bai ƙara komai ba, sai tari.

"Ba ka ji ni ba ne? Hannu wofi nake."

"Da hannun za ki karɓa ai."

Ta murza ganye a yatsa. Da ta yi magana muryar ba tata ba ce.

"Na ga lokacin da suka sauke gawar Rahel a kan tudu don su huta. A gefen titi, Ittoop, motoci suna wucewa. Ina riƙe da lema, na san addar da za ta buɗe hanyar tana bayan ƙofata."

"Na san kin gani." Sannan ya ce, "Ta bar miki saƙo. Na rasa ta inda zan kawo."

"Me ta ce?"

"Ta ce in gaya miki gishirin ya yi yawa."

Achamma ta zaro ido.

"Amma ta ce da ta ja ki gefe ta faɗa. Ta ce ki yafe mata, ita ta daɗe da sauke nata."

Wani abu ya fito daga maƙogwaron Achamma, rabi dariya rabi wani abu dabam. Ta goge hanci da mayafi, ta juya wajen gida.

"Jincy! Kawo adda! Ki ɗauko tukunyar madarar kwakwar nan ma, ita dai ba ta ci amanata ba."

Itacen da ya shekara tara a ƙasa ba ya fita da lallashi. Ta sara, addar ta maƙale, ruwan itacen ya fantsama a farin zanenta na coci. Jincy ta miƙa hannu za ta karɓa, Achamma ta harare ta.

"Ke kika dasa?"

Ittoop ya kama rassan ta can yana ja, ita tana sara ta nan. Guda ya faɗi, na biyu ya bi shi. Rata ta buɗe daidai wucewar mutum ɗaya in ya karkace. Ta ga ƙanenta gaba ɗaya, ya rame, rigarsa ba wanda ya goge ta. Can sama ƙararrawar yamma ta fara bugawa.

"Ya isa haka, Yaya, ku shigo. Gobe Jumma'ar gicciye ce, ba a taɓa ƙarfe. Mu bar sauran sai Asabar."

Achamma ta auna ratar da ido, ta auna faɗin kafaɗun maza biyu da akwatin gawa a tsakaninsu. Ta tofa yawu a tafinta, ta gyara riƙon addar.

"Ka san ni, na san kaina. Kafin Asabar na sake shawara. Riƙe wancan."