Ai Ke Kika Ce Lafiya Lau

Injiniya tana da miji guda wanda ba ya ci, ba ya sha, ba ya tambayar ina ta tsaya. A cikin wayarta yake zaune, kuma ba ta tunawa da shi sai ta shiga motar haya. Da direba ya ja, sai ta kara wayar a kunne ta ɗan ɗaga murya yadda na gaba zai ji: "Eh, Yallaɓai, na taso. Farar mota ce, na turo maka lambarta. Ka ce wa yaranka su jira ni a ƙofar bariki." Babu kowa a layin. Shekara shida tana wannan aure, kuma duk cikin mazan da ta sani babu wanda ya tsare ta kamar wannan da babu shi.

Aikinta gyaran firjin ajiye allurar rigakafi ne a ƙananan asibitoci na bayan gari. Su bakwai ne masu gyara a kamfanin, ita kaɗai ce mace, kuma ita ake turawa in firji ya gagari sauran. Tana son aikin nan so na tsakani da Allah. Ta iso ta tarar da nas ta yi tagumi a gaban firjin da ya mutu, ta durƙusa ta kwance murfin baya, bayan awa ɗaya injin ya ɗauki gurnani, nas ta saki ajiyar zuciya: wannan gurnanin shi ne abin da take tashi da asuba dominsa.

Ƙasar kuwa ta lalace da ƙwace, kowa ya sani, har an daina ba da labarinsa sai in an yi kisa. Don haka ta tsara wa kanta dokoki, ba wanda ya koya mata. Ba ta sa ɗan kunne. Ba ta karɓar ruwa a hannun kowa. Tana zama a bakin ƙofa, ta gwada mabuɗin kafin mota ta tashi. Kayan aikinta a jakar jarirai take zuba su, mai hoton agwagwa a jiki, don ba ta taɓa jin ɓarawon da ya yi sha'awar kunzugu ba. Kuma ba ta shiga motar da babu wata mace a ciki.

Bara aka yi wa wata ma'aikaciyar sashen ƙididdiga ƙwace a hanya, shugabannin kamfani suka zauna suka ce mafita ita ce a daina tura mata ko'ina. Injiniya ta yi ta faman shiga ofis-ofis har muryarta ta dushe, sannan aka sassauta. Aka ɗauko wani dattijo mai ritaya a matsayin jami'in tsaro, aka ce zai riƙa kiran duk macen da ke hanya a kan kowace awa. Manaja ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa in aka sake taɓa wata, magana ta ƙare.

Dattijon ba mugu ba ne, gara ma a ce mugu ne, da an san ta inda za a ɓullo masa. Mutum ne da ya yi imani da rajista. Sati biyu da zuwansa aka laƙaba masa Baba Ƙa'ida, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Injiniya ta same shi ta roƙe shi ya riƙa turo saƙo maimakon kira, ko ya bari ita ta kira shi. Har sirrin Yallaɓai ta tona masa, abin da ko Mamarta ba ta sani ba.

Ya yi dariya har da share hawaye. "'Yata, ƙarya ba ta cikin tsarin tsaro. Saƙo kuma kowa zai iya rubutawa da wayarki. Ni muryarki nake so in ji."

"To, Baba, mu sa wata kalma tsakaninmu. In na faɗe ta, ka san ina cikin matsala."

"Shawara ce mai kyau. Zan kai wa kwamiti."

Kwamitin bai zauna ba. Abin da ya fito kawai takarda ce mai cewa an hana sa waya a shiru lokacin tafiya, kuma duk wadda aka kira sau biyu ba ta ɗauka ba za a ba ta takardar gargaɗi. Sai Injiniya ta raba musu lokaci kamar mai raba kwana: Baba Ƙa'ida a kan awa daidai, Yallaɓai a tsakani. Wata goma ba su taɓa yin karo ba.

Ranar Talatar da abin ya faru, rana tsaka ce fetal. Ta sauka daga bas a tashar wani gari, za ta ƙarasa asibitin da firjinsa ya kwana biyu a mace. Tasi uku ta bari suka wuce. Ta huɗun akwai wata mata a baya, mai jiki, da ledar magani a cinya, tana fifita da kwali. Matar ta matsa mata tana cewa, "Shigo, 'yar uwa, wannan rana sai ta dafa mutum." Injiniya ta gwada mabuɗin ƙofa, ya buɗe. Ta duba agogo, sha biyu saura kwata. Ta kara waya a kunne.

"Eh, Yallaɓai, na sauka lafiya. Na turo maka lambar motar. A'a, kada ka turo su tasha, su jira ni a..."

Wayar ta ɗauki ƙara a kan kunnenta.

Ƙara ce mai ƙarfi, irin wadda takardar kamfani ta ce a sa. Ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu, Injiniya na riƙe da ita bakinta a buɗe a tsakiyar maganar da ba ta ƙarasa ba. Direba ya ɗago ido ya dube ta ta madubi. Matar ta daina fifita.

"Ikon Allah," in ji matar. "'Yar uwa, Yallaɓan naki yana kan layi kuma yana kira?"

Injiniya ta ji an danna makullin ƙofofi daga gaba. Sannan ta ji wani abu mai tsini ya tokare ta a haƙarƙari ta ƙarƙashin ledar maganin.

"Ɗauka," in ji matar. "Ki buɗe murya kowa ya ji. Kin dai san abin da za ki ce."

Muryar Baba Ƙa'ida ta cika motar, cike da fara'a. "Injiniya! Yi haƙuri na kira da wuri, sha biyu za mu shiga taron bita kan kare mata a wurin aiki. Lafiya dai ko?"

Tsinin ya ƙara shiga. "Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Ke kaɗai ce dai kamar kullum? To ki kula da kwamfutar nan da na'urar awo, kin san sababbi ne. Suna cikin jakar agwagwar taki ko?" Ya yi dariyarsa ya kashe.

Direba ma ya yi dariya. A duk abin da ya biyo baya, wannan dariyar ce ta fi tsaya mata a rai. Ba ta san ko da ma sun yi niyya ba, ko kuwa suna cikin auna ta ne suna jin tsoron barikin. Ba za ta taɓa sani ba. Suka saki babban titi suka bi ta bayan wani gidan buga bulo, suka karɓe waya da jakar hannu. Da matar ta kai hannu kan jakar agwagwa, Injiniya ta yi wautar da ta sha gargaɗin wasu a kai: ta riƙe. Suka tunkuɗa ta waje tana riƙe da igiyar jakar, matar ta ja ƙofa ta buga a kan hannunta. Yatsu biyu na dama suka karye, motar ta wuce da jakar.

Masu buga bulo suka tsaya da shebur a hannu suna kallo har motar ta ɓace, sannan suka zo suna yi mata sannu. A ofishin 'yan sanda, wanda ke rubutu ya dubi hannunta da aka naɗe da tsumma ya ce, "To ke Hajiya, me ya fito da ke ke kaɗai? Ina maigidan?" Da ba don zafin hannun ba, da ta yi dariya.

A gida Mama ta yi kuka har ta gode Allah, yayanta kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin motarsa yana cewa shi ai ya faɗa tun ba yau ba. Duk wannan ta shanye. Abin da ke cin ta shi ne zaman da aka kira a kamfani ranar Litinin.

Ɗakin taron ƙarami ne, na'urar sanyi na ɗigar da ruwa a bokiti. Manaja a kan tebur, shugabar sashen ma'aikata a gefensa da kwalin tishu da ta turo gaban Injiniya tun kafin a fara, Baba Ƙa'ida kuma da rajistarsa a buɗe. Ta ba da labari tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba. Ta ce kiran ne ya tona ta, kiran ne kuma ya faɗa musu abin da ke cikin jaka.

Baba Ƙa'ida ya juyo da rajistar ya ɗora yatsa a kan layi. Ransa a ɓace yake da gaske, kamar wanda aka yi wa ƙazafi. "Ga shi nan. Sha biyu saura minti goma sha uku. An kira, ta ɗauka. Na tambaye ki da bakina, 'yata. Ai ke kika ce lafiya lau."

"Da wuƙa a haƙarƙarina, Baba."

"To ni ina zan ga wuƙa ta waya?"

"Shi ya sa na roƙe ka kalma! Wa aka taɓa tambaya lafiya ya ce a'a? Ranar da aka kai mahaifina makwancinsa ka kira ni ka ce ya gida, na ce maka lafiya lau. Ita ma ka rubuta?"

Manaja ya yi gyaran murya ya ce ba a zo neman mai laifi ba. Ya ce tsarin ya yi aikinsa, an kira, an ɗauka, an rubuta. Sai dai ita ma ta amsa da bakinta cewa tana amfani da wata dabara ta ƙarya da kamfani bai amince da ita ba, kuma ta yi jayayya da ɓarayi. Shugabar sashen ma'aikata ta dafa mata kafaɗa ta ce, "Wallahi don ke ake yi, ƙanwata. Ranki ya fi mana firji."

Don ita aka yi. Aka mayar da ita ɗakin ajiyar kayan gyara, wani lungu mara taga a bayan bene, ta riƙa miƙa wa maza shidan nan wayar lantarki da bututu da iskar gas in za su fita. Matan sashen ƙididdiga su biyu ma aka sauke su daga hanya, daga ranar suka daina amsa gaisuwarta da kyau. Baƙin cikin da ta ji bai yi kama da na ranar ƙwacen ba. Waɗancan sun karɓi jaka sun tafi abinsu, ba su ce ta gode musu ba.

Yatsun suka warke a karkace, ba sa lanƙwasuwa sosai, amma ta gwada a gida, tana iya riƙe sukudireba. Ta rubuta takarda sau uku tana neman a mayar da ita hanya. Sau uku ana ce mata ana dubawa.

Wata huɗu bayan haka, da safe, nas ɗin wancan asibitin ta same ta a wayar ofis. Ta ce wanda aka turo ya zo sau biyu, firjin ya sake mutuwa, jiya sun zubar da allurai kwali guda, uwaye sun zo da jarirai tun sassafe an sallame su. "Don Allah yaushe za ki zo da kanki?" Injiniya ta ce za ta faɗa wa na sama. Tana ajiye wayar aka leƙo aka ce kowa ya hallara a babban zaure.

An jera kujeru, an kawo lemo, har da baƙi daga hedikwata. Manaja ya hau mumbari ya sanar da cewa a wata huɗun da suka wuce ba a taɓa ko mace ɗaya ta kamfanin a hanya ba. Zaure ya ɗauki tafi. Aka kira Baba Ƙa'ida aka ba shi allon yabo mai ruwan zinariya, idonsa ya kawo ruwa. Sai wani baƙo ya ce hoton ba zai yi ma'ana ba in babu mace a ciki.

Aka waiga aka hango ta a layin baya. "Injiniya! Taso, taso, ai ke ce fuskar wannan nasara."

Ta taso, don ƙafafunta sun riga ta yanke shawara. Aka tsayar da ita a tsakiya, Manaja a dama, Baba Ƙa'ida a hagu, aka ɗora mata allon a hannu. Mai hoto ya leƙa, ya sauke kyamara, ya ɗan yamutsa fuska.

"Hajiya, wancan hannun na dama, ki ɗan tura shi bayan allon. Yatsun suna ɓata hoton."

Ta dubi yatsun. Ta dubi zauren da ke jiran ta da murmushi. Maimakon ta tura hannun baya, sai ta ɗago shi ta shimfiɗa a kan rubutun zinariyar, ta bar shi nan.

Mai hoto ya dubi Manaja. Manaja ya ce ba komai, a ɗauka haka, za a yanke wajen daga baya.