Makashin da Fiifi Bai Zaɓa Ba

Duk ranar Lahadi in an taso daga coci mukan haɗu a barandar gidan su Fiifi da ke unguwar Dansoman, mu huɗu, mu yi wasan labari a kan teburin mahaifiyarsa, Anti Araba. Fiifi ne mai jan labarin. Shi ke faɗin inda muke da abin da ya faru, mu kuma kowa ya ɗauki mutum guda a ciki yana magana da bakinsa. In za ka yi abu mai wuya, sai ka jefa ɗan ludo a ga ko ka dace.

A wancan karon labarin kisa ne. An sa wa wani attajirin masunci guba a bammi, ni kuma tsohuwar 'yar sanda ce da aka roƙa ta bincika. Makonni na yi ina juya abin a raina, a mota, a wurin aiki, har a wajen wanka. Takalmin likitan garin a jiƙe yake ran da abin ya faru, alhali ya rantse bai je bakin teku ba. Shi kaɗai kuma ke riƙe da mabuɗin ɗakin magani.

Ranar kammalawa, na buɗe baki ke nan zan kama likita, sai Nii Armah, wanda tun da muka zauna yake latsa waya yana cin soyayyar ayaba, ya ce, "Ni fa mai kaɗa ƙararrawar cocin nan bai kwanta mini ba. Murmushinsa ya yi yawa."

Na ga idon Fiifi ya yi haske. Ya ce, "Jefa mu gani." Nii ya jefa, ya dace. Sai Fiifi ya miƙe yana buga tebur: "Mai ƙararrawa ya tsallake katanga ya ranta a na kare! Shi ne!"

Adjeley, ta huɗunmu, ta hau tafi. Ni kuwa kunnena har zafi yake.

Na ce, "Dakata. Ba kai ka ce duk gari ya ji ƙararrawa a daidai lokacin da aka zuba gubar ba?"

"To, ƙaninsa ne ya kaɗa masa."

"Yana da ƙane? Tun yaushe?"

"Tun yanzu," in ji Nii, yana dariya da ayaba a baki.

"Kai rufe mini baki, ko sunan mamacin ba ka sani ba. Fiifi, dube ni. Kafin wannan ya yi magana, wa ya yi kisan?"

Ya sosa ƙeya. "Esinam, ai daɗin abin ke nan. Ni na watsa alamu, ku ne kuke haɗa su."

"Wa ya yi kisan?"

"Ba kowa tukuna."

"Jiƙaƙƙen takalmin fa?"

"Ya zo mini a baki ne, na ji ya yi kyau."

Na rasa abin da zan jefe shi da shi. Sau biyu ina roƙon abokiyar aikina mu yi musanyar rana don kada wasan nan ya wuce ni, ashe iska nake bincike.

Fiifi ya ce, "Kin manta labarin da Adjeley ta taɓa ja mana? Ta tsara komai tsaf, muka rasa alama ɗaya tak, muka yi ta zaman banza a bakin wata ƙofa har Nii ya yi barci."

"Amma akwai abu a bayan ƙofar! Kai bayan taka ba komai sai bakinka."

Na kwashe 'ya'yan ludona na fita, ko zoɓon da Anti ta kawo ban taɓa ba.

Sai da Adjeley ta yi ta zarya gidanmu kafin na yarda na koma, shi ma da sharaɗi: kafin a fara sabon labari, Fiifi zai raɗa wa mahaifiyarsa sunan makashin, a ƙarshe ita za ta faɗa. Ya yarda, har da ɗaga hannu sama.

Sabon ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na bi shi a hankali har na kama wata mai sayar da kifi, Fiifi ya ce na dace. Na leƙa kicin na kira Anti Araba don in ji da kunnena.

Ta fito tana goge hannu a zani. Ta ce, "Wanne daga ciki, 'yata? Da farko ya ce mini direba ne. Wancan makon ya dawo ya ce limamin coci. Ɗazun nan da ya shigo shan ruwa ya ce mai kifi."

Fiifi ya ce, "Haba Mama!"

"To ƙarya zan yi ranar Lahadi?"

Wannan karon ban ɗaga murya ba. Na ce masa ya ci gaba da wasa da Nii, sun dace da juna. Yanzu a ɗakina muke yi, ni ke jan labarin, Adjeley da wasu maƙwabtana biyu ke bincike. Makon jiya sun kama wanda bai ji ba bai gani ba, makashin kuma ya tsere musu a jirgin ruwa. Sun ji haushi sosai, na kuwa bar su da haushinsu.