Makullin Babban Zarto

Shekara goma sha tara makullin babban zarto yana rataye a wuyan Merv Tregonning. Ƙungiyarmu ta masu yankan dutse ba ta da wani abin kirki in ban da zarton nan. Wurin namu rumfar kwano ce a bayan filin ƙwallo, da injinan guga shida, da butar shayi. Kowa na iya zama ya goge ɗan dutsensa ya yi zobe ko 'yan kunne, amma in ka zo da ƙaton jasfa, dutsen ado mai launi-launi, daga jeji, sai Merv ya ga dama za a yanka maka shi falle-falle. Doka kuwa ɗaya ce: wanda ruwan zarto ya lanƙwashe a hannunsa, ran nan zai ajiye makulli.

Merv ya san dutse, wannan ba na hana shi. Sai ya lasa, ya juya shi ga rana, ya ja layi. In an yanka ka ga ja da rawaya da ruwan hoda sun kwanta kamar da cokali aka zuba su. Amma bakinsa ba ya raga wa kowa. Ranar da na kawo zoben farko da na goge, bayan na bar tuƙin tirela, ya ɗaga shi gaban mutane ya ce, "Clarrie, wannan gindin kwalbar giya a ina ka tsinto?" Aka yi dariya, har da ni.

Shekara biyu ke nan hannunsa yana rawa. Shi dutse kafin a yanka shi sai an sa shi cikin muƙamuƙin ƙarfe, a tokare da 'yan katako, a murɗa ƙusa har ya ƙi motsi ko ka hau kansa. Murɗar ƙarshen nan ta fi ƙarfin Merv, ni kaɗai na lura. Duk Asabar in ya tafi famfo wanke man zarto daga hannunsa, sai in bi ta wajen in ƙara murɗa biyu kafin ya dawo ya rufe murfin zarton. Ban taɓa faɗa masa ba, bai taɓa tambaya ba. Kada a ce tausayi ne. Duwatsuna ma a ciki ake yanka su.

Wata Asabar ya turo baro, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Kowa ya san labarin dutsen, ba wanda ya taɓa ganinsa. Shi da matarsa marigayiya suka haƙo shi can arewa bayan kogin Gascoyne, shekara ashirin da shida da suka wuce, a wani kwari da ya ƙi faɗa wa kowa. Ya kai kan bijimi girma. Da ya watsa masa ruwa, duk injinan guga suka tsaya.

Noelene Pascoe, sakatariyarmu, ta ce, "To tsoho, yau dai za ka faɗa mana kwarin nan, ko sai mun tono ka daga kabari mun tambaya?"

"Ku tono," in ji shi. "Ke ko taswira na ba ki, Noelene, bulo za ki ɗebo."

"Me ya sa sai yau?"

"Jikata za ta yi aure. Fallen tsakiya nata ne, abin wuya zan yi mata. Sauran ku kalla kyauta."

Ya daɗe yana juya shi kafin ya ja layi. Ni da wani muka ɗora masa shi a kan zarto, ya tokare, ya murɗa iya ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya nufi famfo. Na miƙe kamar kullum. Saura taku biyu in kai, sai ya ɗaga murya daga can, ko juyowa bai yi ba.

"Clarrie, ja baya. Kallonka ma sai ya dusashe min shi."

Rumfa ta ɗauki dariya. Na tsaya. Daga nan na juya wajen buta, na zuba shayi, na sa sukari biyu, na zauna.

Ya dawo yana goge hannu a wando. Ya ɗan dube ni, ya rufe murfi, ya kunna. Zarto a hankali yake cin dutse, cikin mai, ba a buɗe shi sai ya gama. Muka yi ta hira wajen minti arba'in, na ci biskit uku. Sai kukan injin ya sake, ya yi wata irin ƙara, aka ji gwaram.

Da ya ɗaga murfi, ruwan zarton ya karkace kamar bakin malafa. Dutsen ya zame. Jasfar arewa kuwa gautsi gare ta, ta tsage gida bakwai ko takwas, tsagar ta bi ta tsakiyar zanen.

Noelene ta miƙa hannu. "Doka ce, Merv. Kai ka rubuta ta."

Ya kama igiyar wuyansa zai kwance, yatsun suka ƙi. Muna tsaye muna kallo, ba wanda ya matsa. Daga ƙarshe Noelene ta ɗauko almakashi ta yanke, ta miƙo min makullin, don ni ke bi masa a daɗewa.

Ya matso kusa da ni har ina jin numfashinsa, ya ce a hankali, "Ba ka ɗaure ba."

Ashe ya sani. Duk shekara biyun nan ya sani, wanke hannun ma don ya ba ni wuri ne.

"Ɗaure me?" na ce, yadda kowa zai ji. "Merv, kana nufin da ma wani ne yake ɗaure maka dutse?"

Ya dubi Noelene, ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. Bakinsa ya motsa.

"A'a," in ji shi. "Ni nake ɗaure abina."

Ya ɗauki manyan ɓarin guda biyu ya sa a baro, ya ja bargo ya rufe, ya tura ya fita. Sauran suna kwance a ƙasan mai, kuma a al'adarmu abin da ya faɗa mai na mai wanke zarto ne, wato mai riƙe da makulli. Na shanye shayina, na naɗe hannun riga.