Hoton Baba Boma

Abu ɗaya mijina Markus ya roƙe ni kafin ya cika, kuma ba maganar gona ba ce, ba ta yara ba. Ya ce, "Saloma, ki tabbata an busa mini begila a bakin kabari, yadda aka busa wa Baba." Na ce masa za a busa, ko da ni zan hura ta da bakina. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai kai ƙarshen makon ba.

A Zuru wannan ba wani babban roƙo ba ne. Gari ne da da wuya ka shiga gida ba ka yi tuntuɓe da tsohon takalmin soja ba. Sai dai begilar guda ɗaya ce a unguwarmu, tana kulle a kabad ɗin ɗakin taron 'yan mazan jiya, makullin kuma yana aljihun shugabansu, Ciyaman Prosper.

Shi Prosper ɗin nan soja ne, ban hana shi ba. Amma duk aikinsa a sito ya yi shi, a wani bariki a Kaduna, yana ƙirga barguna. Harsashi bai taɓa wucewa ta kusa da kunnensa ba sai a cikin akwati. To amma in aka zo labarin yaƙi, sai ka rantse shi ya raba Jamus da Ingila.

Na same su da hantsi a ɗakin taron, tsofaffi sun jeru a benci suna ta hamma. A bangon gaba akwai hoton da suke ji da shi: wani saurayi ba hula, cikin singiletin soja, ya zare ido kamar wanda aka ce kada ya yi numfashi. An zagaye shi da furen roba, a ƙasa an rubuta sunan surukina, uban Markus, wanda kowa ke kira Baba Boma saboda yaƙin Boma da ya je a zamanin Turawa. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ƙame ya sara wa hoton kafin ya zauna.

Na gaishe su, suka yi mini ta'aziyya, na faɗi abin da ya kawo ni.

Prosper ya gyara zama, ya ɗora hannu a tumbi. "Maman Gladys, mun zauna kan maganar nan. Begila ta wanda ya yi yaƙi ce."

"To Laberiya kasuwa ya je, Ciyaman?"

"Kusan haka nan ne," in ji shi, wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya nuna hoton da sandarsa. "Kin ga wanga? Wannan shi ne yaƙi. Duniya duka ta kama da wuta, aka ɗebi maza a jirgin ruwa, suka shiga dajin da rana ba ta taɓa ƙasa, suka kara da Japan. Suka dawo da lambar girma. Su kuwa 'yan Laberiya, wa ya aike su? Rabon faɗa aka ce su je, suka dawo da firji da talabijin na mutane. Dubi idon bawan Allah nan. Irin wannan ido ba a sake haifar shi ba."

Na dubi idon. Na san shi sarai.

Abin da ya fi ba ni haushi, Prosper bai taɓa zama da Baba Boma ba sai gaisuwa a coci. Ni kuwa na daka masa tuwo shekara da shekaru, na wanke masa gyambon ƙafa da ya taho da shi daga can. Ba da son ransa ya tafi ba. Dagaci aka ce ya kawo samari, shi kuma ya tattara waɗanda iyayensu ba su da baki, ya miƙa. Da Baba ya dawo ba wanda ya tare shi da ganga. Mata na janye yara in ya wuce, ana cewa 'yan Boma sun dawo da taɓin hankali. Maza kuma na ce masa karen Bature, wai ya je ya tare wa wani faɗan da ba nasa ba. Lambar girman da Prosper ke magana, da idona na ga Baba ya ɗaura wa akuya a wuya don ya riƙa jin inda take. In ka tambaye shi labarin yaƙin sai ya tofar da yawu ya ce, "Daji ne da ko kyauta aka ba ni ba zan noma ba, amma a kansa na binne abokaina." Sai da ya tsufa, sa'o'insa suka ƙare, sannan gari ya tuna jarumi ne.

Na Markus ma haka aka yi. Wasu manya suka zauna a ofis mai sanyi suka ce a je a raba faɗan Laberiya. Waɗanda aka je rabawa suka haɗu suna harbin mai rabon. A nan gida kuma mutane na zagi a rediyo, wai ana zubar da dukiyar ƙasa a wani waje alhali asibitinmu ba magani. Gawarwaki ma a ɓoye ake shigo da su, kamar abin kunya. Markus ya dawo da ƙarfe a cinya da zazzaɓin da bai taɓa rabuwa da shi ba. In an buga ƙofa da ƙarfi sai ka gan shi a ƙasa. Firjin da ke gidanmu kuwa, wanda ake nunawa da baki, da kunun zaƙi na saye shi a Kwantagora. Amma wa zai tsaya ya ji? Uban ya yi wa Bature, ɗan ya yi wa manyan Legas, kowannensu ya dawo da ciwo da zagi. Bambancin kawai, na uban ya daɗe har an manta da zagin.

Ban faɗa wa Prosper ko ɗaya daga cikin wannan ba, don na san ɓata yawu ne. Na juya wajen Jibo, tsohon da ke busa begilar, na ce, "Malam Jibo, kai fa tare kuka je Laberiya da Markus." Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Ya ce, "Makulli ba ya hannuna, Saloma."

Na ce, "To shi ke nan. Tunda ba begila, ku ba ni hoton mijina in ɗora a kan akwatinsa."

Prosper ya ce, "Wane hoto? Ba mu rataye 'yan Laberiya a nan."

Na taka har gaban bangon, ban sara ba. Na sa yatsa a kan girar hagu ta saurayin. "Ciyaman, sa tabarau ka dubi nan. Baba yana da tabo a gira?"

Tsofaffin suka miƙo wuya suna dubawa. Tabon a fili yake, ya raba girar biyu. Markus ya same shi ne a gonar babana lokacin da yake golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da yake so. Fartanyar wani ta kuɓuce ta sare shi, ni na ɗaure masa da ɗankwalina. Duk wanda ke ɗakin ya san tabon nan, don shekara da shekaru Markus na zama a bencin baya da shi a fuskarsa.

Na ce musu, "Tun da ya dawo daga Boma, Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ya ce wanda Bature ya ɗauke shi ya ishe shi. Da kuka gina ɗakin nan kuka matsa wa Markus sai ya kawo hoto, shi ne ya ba ku nasa na Dafo, inda ake horar da sababbin sojoji, na ranar da aka aske musu kai. Ya ce mini, bari mu ga ko akwai mai ido a cikinsu. Kullum in ya dawo taro sai ya ce, Saloma, yau ma Ciyaman ya sara mini."

Jibo ya toshe baki da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Prosper ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya sake sawa. Idon da ba a sake haifa ba yana kallonsa daga bango. Na miƙa hannu zan cire hoton daga ƙusa.

"Tsaya, Maman Gladys!" Muryarsa ta koma kamar ta mai neman rance. Ya ja ni gefe, wajen taga. "Hoton nan har a kalandarmu ya fita. Manyan baƙi sun sara mishi. In kika fita da shi gari ya gani, ina za mu sa kanmu? Ki bar shi inda yake. Za a busa begila, har tuta za mu rufa mishi. Amma maganar ta tsaya a ɗakin ga."

Na tsaya da hannuna a kan firam ɗin. Shi kaɗai ne hoton Markus yana saurayi, da ƙafafunsa biyu lafiya, kafin a koya masa faɗuwa ƙasa in an buga ƙofa. Na so in riƙe shi a ɗakina, in nuna wa jikokinsa. Raina ya yi ɗaci ƙwarai, har na ji kamar in rotsa gilashin a kan tumbin Prosper. Amma ba hoto Markus ya roƙe ni ba. Na sauke hannuna.

Ranar jana'iza suka zo da kakinsu da ya ƙi rufe ciki, suka jeru a bakin kabari. Akwatin ba hoto a kansa, mutane na ta tambayar 'yata Gladys dalili, ita ma ba ta sani ba. Fasto ya gama addu'a, Jibo ya ɗaga begila. Ya busa ta a hankali, ya ja ta har hawaye suka gangaro masa cikin gemu. Nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar da Markus ya cika.

Hoton na nan har yau, an ma canza masa fure. In na wuce da bokitin kununa ranar taronsu, nakan leƙa ta taga. Prosper ne ke fara shiga. Yakan ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya duba ko ana kallonsa, sannan ya haɗa ƙafa ya ɗaga hannu, ya sara wa ɓarawon firji.